Yadda Jirgin Ƙasa Ya Tafi da Yajina

Zariya, Talata

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na fito daga gidanmu na Ƙofar Kibo da ƙullin yajin jego a ka. 'Yata Rabi ce ta haihu a Abuja, kuma ba a yi ranar da jinina zai yi jego da yajin kasuwa ba. Kwana uku na yi ina daka.

Surukina ya so in hau jirgin sama, na ce ya riƙe abinsa. Wancan karon a filin jirgi aka karɓe mini man shanu kwalba guda, wai ruwa ne. Mota kuwa ta gama da ƙuguna. Saura jirgin ƙasa.

Kaduna

Bakwai da kwata na isa tashar jirgi. Da kaina na karanta tikitina, don ba a banza na shiga ajin manya da furfura ba. Takwas daidai aka rubuta. Ni kuwa na ɗauka irin takwas ɗin katin biki ce.

Na ɗora ƙullina a kujera na kama wuri, yadda muke yi a tashar mota. Rabin kujerun babu kowa. Na ce wa matar da ke gefena, "Baiwar Allah, duba mini kaya in nemo ƙosai. Wannan sai azahar zai cika."

"Hajiya, ba ya jira fa."

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake tafiya."

Ina tsaka da yi wa mai ƙosai faɗa kan ƙanƙantar ƙosanta na ji jirgi ya yi kuka. Na kwasa da gudu, mayafi a hannu, ina ihu: "Direba! Da sauran fasinja!"

Wani ma'aikaci ya ce, "Hajiya, wannan ko uwar direban ce sai dai ta bi na gaba."

Hanyar Abuja

Motar da na raina ita na koma wa, ita kuwa sai ƙarfe sha ɗaya ta cika. Mu huɗu a baya, shinge shida, awa biyar. Direba ya tsaya shan mai, ya tsaya gaida ƙaninsa, ya tsaya sayen doya. Ni dai abu ɗaya ke cina: uwar mai jego ta shiga gaban dangin miji tana kaɗa hannu.

Abuja

Ana kiran la'asar na yi sallama, sai ƙamshin yajina ya tare ni a ƙofa. Ashe matar nan ta ga lambar Rabi da na rubuta a jikin ƙullin da karkataccen rubutuna, ta kira, surukina ya je ya karɓo.

Rabi na shan farfesu ta ce, "Inna, sannu da hanya. Yajin ya iso tun hantsi, ya ce kina tafe."

Gida

Bayan suna na dawo ta jirgin ƙasa. Awa guda kafin ya tashi ina kan kujera, ko ruwa ban yarda na sha ba. Da magariba na shigo Ƙofar Kibo lafiya, alhamdu lillahi. Baiwar Allahn da ta fisshe ni kunya kuwa, ko sunanta ban tambaya ba. Allah ya saka mata da alheri, ni kuma ya rage mini baki.