Gadon Ƙasa na Baba

Shekarar da na dawo Olelewa daga karatu a Damagaram, na tarar tari ya kama Baba, ga ɗari ya kusa. Aka yi shawarar a gina masa gadon ƙasa, irin mai rami a ƙarƙashi inda ake hura wuta. A lokacin akwai wani magini Bakano da ya sauka a zango yana jiran ayari, sai aka kira shi.

Tun shigowarsa hankalina bai kwanta da shi ba. Kafin ya taɓa laka sai da ya yi ta tambaya. Ina iska ke shigowa? Itace muke ƙonawa ko karan gero, a ina kuma muke tara shi? Mutum nawa ke kwana a ɗakin? A wancan zamanin mahara kan turo mutum ya leƙa gari kafin su faɗo masa, kuma a ganina irin tambayoyinsu ke nan. Ban ce shi ɗan leƙe ba ne, amma ba zan rantse a kansa ba.

Kawu, ƙanen Baba, shi ya amsa. "Mu shida ne, duk ƙarti." Alhali Baba kaɗai ke kwana ciki.

Magini ya dubi ɗakin. "Shida a nan, malam? A tsaye kuke barci?"

"Kai dai yi gininka," in ji Kawu.

"To, numfashin mutum shida rabin wuta ne. Ƙaramin rami ya isa, kada mu gasa tsoho."

Ya auna da taƙi, ya gina, ya bi ayari.

Da sanyi ya sauka sosai, sai ramin ya kasa. Kara kaɗan yake ɗauka, kara kuwa ba ya barin garwashi. Kowace safiya nakan dafa gadon in ji shi kamar dutse, tarin Baba yana ta ƙaruwa. Na so a fasa a faɗaɗa, Kawu ya ce sabuwar laka ba za ta bushe da wuri ba, a ina tsoho zai kwanta? Wataƙila yana da gaskiya.

Daga baya muka kwaso tabarminmu, ni da Kawu da samarin gidansa, muka cika ɗakin. Baba ya yi ta mitar minsharinmu har ɗari ya wuce. Tarin ya yi sauƙi, ko da yake bai rabu da shi duka ba.