Taki a Shagon Ƙarfe

Shekarar da taki ya yi tsada har manoman wajen Malumfashi suka koma neman kashin kaji, ita ce shekarar da na daina gaisawa da yayan matata. Shagon da nake gyaran garmar shanu da injin niƙa nasa ne, kuma yana riƙe da makulli ɗaya.

Duk farkon damina ina goge ƙarafana da tsumma, in shafe su da baƙin mai, wanda aka juye daga mota. Injin huda ƙarfe, wanda da shi nake ci da iyalina, shi man giris nake lafta masa. Haka na yi kafin in tafi Danja jinyar mahaifiyata, na ma bar darasin yaƙi da jahilci a tsakiya.

Na dawo gero ya fara kai. Ina buɗe ƙofa warin taki ya buge ni. Buhuna ne jibge har rufi, sun jiƙe suna naso, ruwan gishirinsu ya bi ƙasa ya shige ƙarƙashin teburin aiki. Duk ƙarfen da na duba ya yi ja. Na kama hannun injin, ya ƙi motsi.

Na iske yayan matata a ƙofar gidansa yana cin gyaɗa.

"Yaya Alhaji, wa ya goge man da na shafa?"

"Ni na sa aka wanke da omo. Wannan ƙazantar taka za ta ɓata min buhu, wa zai sayi taki da baƙin tabo?"

"Taki cin ƙarfe yake yi, Yaya."

"To ka ji malamin boko! Daga koyon baƙi sai koya min ajiya? Ƙarfe ne fa, ba tuwo ba. Kankare abinka."

Na kankare. Na jiƙa da kananzir, na bi da yashi, har fatar yatsuna ta saɓule. Tsatsar ta riga ta yi rami. Ko leƙowa bai yi ba, sai ranar da ya zo kwashe takinsa, yana faɗan kada in taka masa buhu.

Na je gidansa na ajiye masa makullin shagon a kan tabarma. Abin da ya tafi: injin huda ɗaya, bakin garma tara na mutane, magagari shida, sufana goma sha ɗaya, da shagon.