Hajiya Musa

Ranar ƙaramar Sallar 2005, a falonmu na Silver Spring a Amurka, wata tsohuwar kwamfuta ta kira Baffa Musa da Hajiya, kuma ni na koya mata. Shekarata goma. Baba ne ya tsinto ta a gwanjon ƙofar gida a Clinton, irin wadda ake jonawa da talabijin, ta girme ni nesa ba kusa ba. In na gama wanke-wanke yakan zaunar da ni ya nuna mini yadda ake ba ta umarni da yaren kwamfuta na BASIC: a zuba suna cikin N$, a ɗinka shi da wata kalma, a yanko harafin ƙarshe da RIGHT$.

Lokacin ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake amsawa, don in na gwada Hausar, dariya ake yi mini. Baffa, yayan Baba, ya sha faɗa a gabana, "Wannan yarinya kun yi asararta." Maganar tana ci mini rai. Sai na ƙudura kwamfutar ta gaida baƙin Sallah a madadina. Na lura Amina, Hadiza da Halima duk da A suke ƙarewa, na kafa doka: sunan da ya ƙare da A a ce Hajiya, saura Alhaji.

Mata suka buga sunayensu, ta gaishe su daidai, ana ta shewa. Baffa ya gyara babbar riga, ya buga nasa da yatsa ɗaya. BARKA DA SALLAH HAJIYA MUSA. Tsabar ruɗewa ta sa na manta da kunya, na durƙusa na ce, "Baffa ka yi haƙuri, wutsiyar sunanka ta duba." Ya dube ni ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya yi dariya har da hawaye, ya ƙwala wa abokansa Garba da Bala kira su zo su karɓi nasu rabon, ya sa na yi wa kowa bayani da Hausa. Tun daga ranar duk Juma'a sai ya bugo mini waya, in na yi Turanci ya ce layin ba kyau, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yanzu wayata ke gyara mini rubutu tun kafin kowa ya ga kuskurena, ɗana kuma da Turanci yake amsa mini, ba ni da Baffan da zan haɗa shi da shi. Allah ya jiƙansa. Da Hausarsa nake rubuta wannan.