Ranar Da Na Ba Keken Ɗinkina Man Gyaɗa

Shekarun baya, zamanin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa kowa na ɗinka sabuwar riga, mahaifina ya sayar da sa ya saya mani keken ɗinki. A aji huɗu na bar boko, mutanen garinmu Ruwan Godiya kuma sun gama yanke cewa ba zan tsinana komai ba.

Bayan damina keken ya fara kuka, tsatsa ta ɗan kama ƙasansa. Na ce mai ai mai ne. Na shiga wurin mahaifiyata tana matsar ƙuli, na ɗebo man gyaɗa na ɗura masa ta kowace kafa. Sati biyu yana gudu kamar ruwa, ni kuwa ina ta hura hanci.

Ana saura kwana uku Sallah, babbar rigar kawuna na kan keken, aikin kirki na farko da aka taɓa ba ni, keke ya ƙi juyawa. Man ya daskare ya zama danƙo, ga cinnaku sun yi layi har kan allura. In rigar nan ba ta fito ba, na san garma zan koma.

Na kwance kan keken, na ɗaure a bayan keken hawa, sai Faskari wurin wani tsoho mai gyara. Ya buɗe, ya sunsuna, ya dube ni.

"Kai ɗan nan, ɗinki kake ko tuyar ƙosai?"

"Baba, kuka yake yi."

"To shi ya ce maka yunwa yake ji?"

Duk rumfar aka kwashe da dariya, har da ni. Ya wanke shi tas da kananzir, ya ɗiga masa farin mai marar kauri. Ya ce giris na cibiyar keken hawa ne, baƙin mai na garma ne don tsatsa, man gyaɗa kuwa a bar wa tukunya.

Rigar ta fito. A filin idi kawuna duk wanda ya gaisa da shi sai ya ɗaga hannun riga ya ce, "Ɗanmu ya yi."

Kuɗin man fetur ɗin nan wasu suka ci, mu labari muka ji. Yanzu gwanjo ya kashe mana kasuwa, ido ma ya fara gardama. Amma ban taɓa komawa garma ba, kuma waɗanda suka ce ba zan tsinana komai ba, har jikokinsu ni na yi wa rigar suna.