Ranar da Seu Valdemar Ya Gayyace Ta Cin Kifi

Shekara goma sha tara Dona Zuleide tana cike wa mutanen birnin Recife takardun haraji a ofishin Seu Valdemar, ba ta taɓa cin abinci da shi ba. Wannan ce babbar nasararta. Mutumin kirki ne, ba ya iya korar ma'aikaci da yunwa a cikinsa. Kowace shekara, da wa'adin haraji ya cika aiki ya ragu, sai ya gayyaci mutum ɗaya cin kifi a bakin teku. Wanda aka gayyata kayansa kawai yake dawowa kwashewa.

Bana a teburinta ya tsaya.

"Dona Zuleide, kina cin kifi kuwa?"

"Likita ya hana ni, ranka ya daɗe."

"To, akwai kaza."

Neide, maƙwabciyar teburinta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ki ci mai tsada, 'yar'uwa. Kuma ki bar min fankarki."

A gidan abincin ba ta ko taɓa cokali ba, tana ta tunanin wa zai ɗauki mace mai shekara hamsin da takwas aiki. Shi kuwa ya tsotse ƙashi tas, ya goge baki.

"Na tsufa, zuciyata ta daina ɗaukar wannan abu. Daga yau ke ce manaja. Albashi yana nan yadda yake, amma ke za ki riƙa kawo mutane nan."

Ta yi ajiyar zuciya, har ta ɗauki cokali.

"Gobe ki fara da Neide," in ji shi. "Na riga na kama muku teburi."