Kuɓewar Da Na Kai Wa Inna Gwandu

Kalgo

Ranar Laraba na idar da sallar asuba na saɓi buhu, ban ko tsaya shan kunu ba. Ranar Talata da la'asar Yaya Kulu ta kira ni daga Gwandu, ta ce zazzaɓin Inna ya sauka, amma ta ƙi cin komai. An yi kunu, an dama fura, duk sai ta juya fuska bango. Abu ɗaya ta ambata: miyar ɗanyar kuɓewa da kifin Kalgo, irin wadda take ci tana yarinya. Jin haka na ji kamar in yi fiffike. Ga dai abin da zan iya yi mata da hannuna, ba aiken kuɗi ta waya ba kamar yadda na saba.

A bakin ƙofa maiɗakina Rabi ta fara gaya mini yadda ake zaɓen kuɓewa. Na katse ta, na ce shekaruna nawa ina cin miya. Wannan halina ne, ba na bari a ƙarasa mini magana, Allah Ya shirye ni.

Gari na wayewa matan Dangoma da Wurogauri suka fara sauke kwanduna a gefen kasuwa. Damina ta yi albarka: ga yakuwa, ga rama, ga gauta, ga tattasai da raɓa a jikinsa. Na sayi bandar tarwaɗa guda huɗu mai ƙamshin hayaƙi. Da na zo kan kuɓewa sai na wuce ƙananan, na nufi wasu zabga-zabga, kowace ta kai tsawon tafin hannuna. Tsohuwar da ke sayarwa, 'yar Dangoma, ta dube ni, ta tambaya ko shuka zan yi. Na ɗauka ba'a ce. Na ce uwata zan kai wa, kuma uwata ba ta cin ƙananan kaya. Ta cika mini buhu har da gyara.

Birnin Kebbi

Motar farko ta sauke ni tasha wajen ƙarfe takwas. Ta Gwandu ba ta cika da wuri ba, muka zauna muna jiran mutum biyu. Direba ya so ya ɗaure buhuna a baya tare da jarkokin manja, na ce atafau, a cinyata zai zauna. Ya ce ko amarya ce a ciki. A shingen hanya ma'aikaci ya leƙo, ya shinshina, ya ce wa ke da kifi. Na ce na maras lafiya ne. Ya yi mata addu'a, ya ɗaga mana hannu. Gero ya fitar da kai dama da hagu, ni kuwa sai lissafin lomar da Inna za ta yi nake.

Gwandu

Mun shiga kafin azahar. Na tarar da Inna kwance a tabarma, ta rame har zobenta na yawo a yatsa. Na gaishe ta, ta amsa da kai kawai. Na kwance buhu na zazzage a faranti gabanta, ina jiran yabo.

Yaya Kulu ta rufe baki da gyale. Inna ta miƙo hannu a hankali ta ɗauki ɗaya, ta danna tsinin da babban yatsa. Ya lanƙwashe, bai karye ba. Ta ɗauki ta biyu, haka. Sai na ga ta dafa ƙasa ta tashi zaune, abin da Yaya ta ce ba ta yi da kanta ba tun da ta kwanta.

"Auta, mi ne wanga? Icce ka kawo mini in dafa?"

Na ce ai su ne manyan kasuwar. Ta ce ni ma babba ne, wa ya taɓa miya da ni. Ta ce duk sun ƙosa, wuƙa ma sai ta yi gardama da su. Ta kore ni kasuwa, ta ce in nemi ƙanana kamar ɗan yatsa, wadda tsininta ya karye ƙas ita ce ta miya. Abin da Rabi ta so gaya mini ke nan da asuba.

Na fita da gudu kamar yaro. A kasuwa na tsuguna gaban tire ina ƙas, ƙas, daɗi ya ɗebe ni, har mai kayan ya ce, "Malam, in ka karye su duka, kai za ka saye su duka." Na saya ɗin, na haɗa da albasa da attarugu da daddawa.

Da na dawo Inna ta sa an fitar da ita gindin murhu. Ta ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara. Na yanka kuɓewa tana cewa ta yi kauri. Yaya ta jajjaga attarugu da albasa, ta gyara kifi, aka zuba a ruwa da daddawa da gishiri. Da ya tafasa Inna ta jefa 'yar kanwa da hannunta, ta ce a zuba kuɓewa, kada a rufe tukunya, kada a bari ta daɗe. Miya ta fito kore shar, tana yauƙi. Yaya ta kwashe tuwon dawa.

Muka koma gefe muna satar kallonta. Ta yi bisimilla, ta gutsura, ta haɗiye. Ta ƙara. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta kuma ƙarawa. Sai da ta cinye rabin malmala ta tsotse kan kifi. Yaya ta shige ɗaki da sauri, na san kuka ta je yi.

Na tattara manyan zan zuba wa awaki, Inna ta hana.

"Rataye mini su a rumfa su bushe. Iri ne. Baɗi zan shuka a bayan ɗaki, ka zo ka koyi tsinka."

Komawa

Na kwana a zaure. Da safe na bar ta tana shan kunu tana yi wa Yaya faɗan tsintsiya. Na iso Kalgo bayan azahar da ƙullin ƙananan kuɓewa da Inna ta aiko wa Rabi. Na miƙa mata, na ce ta ƙarasa maganar da ta fara jiya, ina saurare. Ta danna tsinin ɗaya, ya ce ƙas, ta yi dariya ta wuce madafa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni lafiya Ya dawo da ni, na gode wa Yaya Kulu mai jinya. Tsohuwar Dangoma kuma, gaskiyarki, shuka za a yi.