Ranar da Malam ya sauke littafinmu

Shekarun baya, lokacin da kowace majalisa a Dutse zancen shari'a ake yi, ni da abokina muka haɗa wa wata makaranta a Kiyawa manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Aikinmu na farko ke nan, kuma kwamfuta ɗaya tal gare su, ana lulluɓe ta da zani kamar amarya.

Da muka zo rubuta littafin bayani sai gardama ta tashi. Abokina ya ce mu rubuta abin da malamai za su taɓa kawai: shigar da maki, gyara suna, bugawa. Ƙananan umarnin da manhajar ke kira da kanta kuwa, bayaninsu ya zauna can ciki, don mai gyara.

"Baƙo iyakarsa zaure," in ji shi. "Wa ke zagayawa da shi har madafa?"

Ni kuwa na ce ɓoye ilimi ba kyau. Gaskiyar magana, littafi mai kauri nake so, a ɗaga a ji nauyi a san mun yi boko. Na zuba komai a ciki.

Abin da ban lissafa ba shi ne shugaban makarantar, dattijo ne da ya yi karatun zaure. A wurinsa ba a tsallake shafi. Ya ɗauki littafin tun daga bangon farko, kullum ya karanta babi ɗaya, ya gwada abin da ke ciki. Ana saura kwanaki a ba da hutu ya iso babin umarnin da ke share maki don sabon zango. Ya buga shi yadda na rubuta, harafi bayan harafi.

Da hantsi ɗan acaɓa ya same ni a unguwar Limawa, wai Malam na nemana yanzu-yanzu. Da na isa makarantar na iske malamai cirko-cirko. Makin yara na zango guda ya ɓace, takardun jarrabawar kuma an riga an mayar wa yaran. Na nufi wurin Malam.

"Ranka ya daɗe, me aka taɓa?"

"Abin da ka rubuta, ɗana. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Ina zaune gaban allon kwamfutar sai na tuna abokina ne ya rubuta wannan umarnin. Shi kuwa ɗan mahaifiyarsa ne, matar da ko fasasshiyar ƙwarya ba ta yarwa. Na buɗe cikin manhajar. Ashe umarnin ba ya sharewa, kwashewa yake ya tura wani lungu da ya sa wa suna "ɗakin shirgi". Ga maki nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗin Alhamdulillahi kamar ranar ba. 

A makon muka yi wa littafin aski, ya koma 'yan shafuka. Sauran bayanin muka mayar cikin manhajar, kusa da kowane umarni, inda mai gyara kaɗai zai gani.

Har yau idan yaran ofis suka tambaye ni ko a bayyana wa jama'a kayan cikin manhaja, dariya nake fara yi. Sai in ba su tambayar da Malam ya yi mini yana miƙo mini littafin da hannu biyu:

"To ɗana, abin da ba a so in taɓa, don me ka koya mini yadda ake taɓa shi?"